Hujjar da Muka Yi wa Bilyamin

Shekara goma sha tara muna zaman shari'a a Hillat Ɗan'auta, mu uku, ba mu taɓa saɓani ba ko sau ɗaya. Mutanen gari suna alfahari da wannan, har a kasuwar Suki sukan faɗa, kamar su suka yi aikin. Ni ma na daɗe ina alfahari da shi. Yanzu na bari.

Kotun tamu ƙarama ce, irin wadda hukuma ke bar wa ƙauyuka. Rumfa ce a gefen gidan umda, wato mai gari, da ɗaki ɗaya a bayanta, da teburi, da hatimi da muke ajiyewa a tsohon gwangwanin madara. Ranar Talata muke zama. Yawancin abin da ake kawo mana bai wuce akuya ta shiga gona ba, ko wani ya matsar da iyaka da taku biyu yana tsammanin ba wanda ya ƙirga. Shugabanmu Shehu Abdussalami ne, mutumin da in ka gaishe shi sai ya yi nazari kafin ya amsa. Sai Malam Ɗayyabu mai rubuta hukunci. Sai ni Uzairu, ƙaraminsu, ga furfura har gemu amma har yau ni ke ɗauko gwangwanin.

Mu ukun a gaban malami ɗaya muka yi karatu, marigayi Malam Hamid, kuma shi ya bar mana yadda ake yanke hukunci. In an gama sauraron masu ƙara, sai mu shiga ɗaki mu rufe ƙofa, mu yi magana zagaye biyu. A zagaye na farko, kowa zai tsaya wa wanda yake shirin kayarwa, ya kawo hujjar mutumin fiye da yadda shi mai ita ya iya kawowa. Malam ya ce ba ka da ikon kayar da mutum sai ka ɗauki hujjarsa ka ji nauyinta da hannunka. A zagaye na biyu kuma kowa ya faɗi abin da ke zuciyarsa, ya warware abin da ya ƙulla.

A shekarun farko mukan yi biyun. To amma mutum uku da suka sha bulala ɗaya, tunaninsu hanya ɗaya yake bi. Da Shehu ya buɗe baki ya fara kare wani, mun san wannan ya faɗi. In ni da Malam Ɗayyabu muka kare shi, magana ta ƙare. Sai zagaye na biyu ya zama maimaita abin da kowa ya sani, shayi kuwa yana sanyi. Ba wanda ya ce a daina, mun dai daina. Malam Ɗayyabu ya ja takarda ya kayar da wanda muka fi yabo, Shehu ya buga hatimi, ni in sa hannu, mu fito.

Bara bayan azumi Malam Ɗayyabu ya rasu. Hukuma ta naɗa mana Ustaz Salih a madadinsa. Ɗan garin nan ne, amma shekara talatin ya yi yana koyar da lissafi a Damazin, Larabcinsa ya fi Hausarsa nisa. Ban so shi ba, kuma ba zan ɓoye ba. Komai ka faɗa sai ya ce, "Dalili?" Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, in ka ba shi dalilin sai ya karɓa, ya sauya ra'ayinsa a gabanka ba ko kunya. A ganina na lokacin, wannan halin marar gindin zama ne.

Ba wanda ya gaya masa maganar zagaye biyu. Ni na ɗauka Shehu ya gaya masa. Shehu kuwa bai ɗauke ta abin da ake gaya wa mutum ba, kamar yadda ba a gaya wa baƙo cewa da dama ake cin tuwo. Shari'o'in da suka zo a watannin farko duk na awaki ne, masu awakin kuma sun amsa laifi tun a rumfa, ba mu ma shiga ɗaki ba.

Sai ga maganar jarfu. Jarfu shi ne ƙasar da kogi, bahar a bakin mutanenmu, ke bari a bakin gaɓa in ya janye bayan damina, baƙa, mai laushi, mai riƙe danshi. Ba ta son taki, ba ta son ban ruwa, iri kawai take so, amma cikin mako uku na farko. In ta bushe, sai baɗi. Al'adarmu kuma a kanta a sarari take: wanda gonarsa ke kan gaɓa, shi ke da jarfun da ya fito a gabanta.

Hadizatu matar marigayi Zaharaddini ce ta kawo ƙara. Shekara ashirin da shida mijinta yana da gona a kan gaɓa, yana noman jarfun gabanta. Shekara uku da suka wuce kogi ya ci gaɓar, ya tafi da gonar duka, har bakin ruwa ya kai ga gonar Bilyamin da ke bayanta. Shekarar ba ta fita ba Zaharaddini ya rasu. Bana sai kogin ya ajiye jarfu mai faɗi daidai wurin. Hadizatu ta je da igiyarta za ta auna, ta tarar Bilyamin ya riga ya kafa turaku. Ba ta da wata ƙasa a duniya sai wannan. Shekara biyu tana lallaɓawa da aikin gonakin mutane don 'ya'yanta mata biyu su zauna a makaranta, babbar, Raihana, bana za ta zauna jarrabawa. In jarfun ya fita hannunta, sai dai su bi motocin yankan riɗi zuwa manyan gonakin Damazin, ita da su.

Ranar Talata rumfa ta cika. Hadizatu ta zauna a bakin tabarma, ta ja mayafinta, ta yi magana a taƙaice.

"Allah shi gafarta malam, ƙasag ga wurin gonarmu take. Kowa a nan ya sani. Bahar ya ɗauka, bahar ya maido. Ni ban da wata magana."

Bilyamin ba mugu ba ne, manomi ne mai baki goma a gida. Shi ma bai tsawaita ba.

"Allah shi gafarta malam, ni ban ƙwace wa kowa komi ba. Gaɓa gonata ce yanzu. Jarfu na mai gaɓa ne, haka munka taras."

Ustaz Salih ya yi musu tambayoyi kusan ashirin yana rubutawa, har mutane suka fara gyangyaɗi. Ni dai tun kafin Hadizatu ta rufe baki na san tata ce. Na dubi Shehu, na ga ya lumshe ido yadda yakan yi, na san shi ma ya sani. Muka shiga ɗaki, na rufe ƙofa.

Shehu ya yi gyaran murya ya ce, "Bilyamin yana bisa al'ada. Jarfu yana bin gaɓa, ba ya bin tarihi. Kuma ƙasar da bahar ya aje bana ba ita ce wadda ya ɗauka ba. Waccan ta tahi arewa, wagga daga Habasha ta zo."

Na ji daɗi a raina, na ce Hadizatu ta ci. Sai nawa ya zo. A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na so in nuna wa malamin lissafi cewa mu ma mun yi karatu, don haka na zage na kawo wa Bilyamin hujjar da ban taɓa kawo wa wani irinta ba. Na ce rabin garin nan suna da gonar kakanni a ƙarƙashin kogi, in muka ba Hadizatu don tana tuna wurin tata, baɗi mutum arba'in za su zo da igiyoyinsu kowa yana tuna tasa. Na ce Bilyamin ne yanzu a bakin ruwa, shi kogi zai ci nan gaba, ba adalci ba ne a bar masa hatsarin gaɓa a hana shi amfaninta. Ina magana ina jin kaina, muryata har wani amo take yi. Shehu ya gyaɗa kai sau biyu, abin da bai saba ba.

Ustaz Salih ya gyara tabarau ya ce, "Ni wallahi da Hadizatu na shigo. Ya'ani, shekara ashirin da shida suna wurin. Mace ce ba miji, ba ta da wani abu. Zuciyata tana wajenta."

Ni da Shehu muka dubi juna. Tunda ya tsaya mata a zagaye na farko, ma'ana kayar da ita yake shirin yi. Na ce a raina, ga halin 'yan boko, za a kori matar mamaci daga ƙasarta da sunan doka. Kuma hujjar da ya kawo mata ma ba ƙarfi, ko kara bai yi mata ba. Saɓani na farko ke nan cikin shekara goma sha tara, na ga jijiyar goshin Shehu ta tashi.

Sai Ustaz ya juyo gare ni. "Malam Uzairu, in anka ce mutum arba'in ɗin kowa shi kawo shaidu fa?"

Na ce shaidun za su saɓa, don ruwa ba shi da iyaka da za a nuna da yatsa.

"In anka raba biyu fa?"

Na ce raba abin mutum biyu don a huta ba shari'a ba ce, ragwanci ne. Duk tambayar da ya jefo, na mayar masa da wadda ta fi ta. Zagaye na farko muke, aikina ke nan.

Ya daɗe yana kallon littafinsa. Sannan ya ce, "Halas, shi ke nan. Kun gamsar da ni. Ina tare da ku."

Shehu ya sauke numfashi ya ce alhamdu lillahi. Ni ma na ji mutumin ya ɗan shiga raina. Ustaz ya ja takarda ya cika shafi da rabi da ƙananan rubutunsa, ya ɗago ya ce, "In karanta muku?"

Shehu ya ce, "Ba sai ka karanta ba. Mun san abin da ke ciki."

Ya buga hatimi. Na sa hannu. Shekara goma sha tara ban karanta abin da nake sa wa hannu ba, ban ga dalilin farawa ran nan ba.

Muka fito, Ustaz ya miƙe ya karanta da Larabci, sannan ya fassara. Layi na uku na ji maganata, ta mutum arba'in da igiyoyinsu, an gyara ta har ta fi yadda na faɗe ta kyau. Na ce to, ya fara da hujjar wanda ya faɗi, ba laifi. Na yi ta jiran wurin da zai ce "amma". Ya kai ƙarshen shafi, ya juya, ya ce jarfu na Bilyamin ne, ya naɗe takarda ya zauna.

Na dubi Shehu. Ƙarami ba ya riga babba magana a rumfa, haka aka koya mana. Shehu yana kallon gabansa, fuskarsa ba ta motsa ba, sai babban yatsansa da ya tsaya cik a kan carbi. Ga mutum sittin a zaune, ga sunan kotun da ba ta taɓa saɓani ba. Na ba shi lokacin da mutum zai karanta Fatiha sau uku. Bai yi magana ba, ni ma ban yi ba. Hadizatu ta dube ni, don ni abokin mijinta ne, tare muka yi kamun kifi tun muna samari. Ta gyara mayafinta, ta ce ta gode, ta tashi. Umda ya yi addu'a aka watse.

Da muka koma ɗaki Shehu ya ce, "Ustaz, mi ka rubuta?"

"Abin da kunka hwaɗi, Shehu."

Ni na yi masa bayani, don Shehu ya kasa. Na gaya masa zagaye na farko da na biyu, da Malam Hamid, da yadda na biyun ya bi ruwa. Ustaz ya cire tabarau ya ajiye a kan teburi. Ban taɓa ganin fuskarsa ba tabarau ba, ashe tsoho ne kamarmu.

Ya ce, "Ya'ani ku biyun kuna ganin tata ce."

Muka ce haka ne.

"Ni ma da haka na shigo."

Mutum uku sun shiga ɗaki kowa yana tare da mace ɗaya, sun fito sun kayar da ita baki ɗaya.

Ustaz ya ce zai fita yanzu ya tara mutane ya ce kuskurensa ne. Shehu ya ce hatimi ya riga ya faɗa, abin da hatimi ya faɗa wa sai alƙalin Sinja ke iya ɗagawa. Ustaz ya yi tunani ya ce gaskiya ne, haka doka take, kuma kwana goma sha biyar ake bayarwa don ɗaukaka ƙara.

Ya ce, "Tayyib, to. Ku ba ni zagaye na biyu yanzu, in rubuta mata. Mi ne amsar hujjar?"

Shehu ya ce, "Zuciyata ta natsu ita ce mai gaskiya."

"Na yarda, Shehu. Amma ƙali a Sinja ba ya karanta zuciya. Takarda zai karanta, kuma takardag ga dalili huɗu ke cikinta, duk masu kyau. Malam Uzairu, biyu naka ne. Warware su."

Na buɗe baki, na tarar ba komai a ciki. Na laluba ko'ina. Hujjar da na ƙulla wa Bilyamin tana tsaye da ƙafafunta, ni da na ƙulla ta ban san ta inda ake kwance ta ba. Sai wani tunani ya zo mini wanda ya fi wannan ɗaci: mutum nawa muka kayar cikin shekarun nan bayan mun kawo musu hujja irin wannan, ba tare da ɗayanmu ya taɓa amsa ta ba? Wataƙila duk mun yi daidai. Amma ban san haka ba, kuma ban taɓa tambaya ba. Na ji tsoro, na ji kunya, na rasa wanda ya fi yawa.

Washegari da sassafe Bilyamin ya shuka masara. Ba wanda zai ga laifinsa, takarda ce a hannunsa, danshi kuma ba ya jira.

Daga ran nan kullum bayan la'asar nakan je gidan Ustaz Salih, mu zauna a gindin darbejiyarsa. Nakan zo da amsa, shi kuma ya fasa ta kamar mai fasa gyaɗa, a hankali, ba fushi. Na ce mace ce ba miji. Ya ce in da namiji ne mai shanu ɗari, gonar za ta daina zama tasa? Na ce shekara ashirin da shida. Ya ce shekarun na tsohuwar gaɓa ne. Rana ta uku na yi fushi na ce masa shi wane gefe yake. Ya ce gefenta, shi ya sa ba zai bar ni in tura ta Sinja da hujjar da yaro zai ture ba. Na tafi ban yi sallama ba, na dawo washegari da wuri.

Rana ta biyar sai ga Shehu da sandarsa. Bai ce ya zo don komai ba, ya zauna a kujerar da aka ba shi yana sauraronmu har rana ta yi ja. Kwana biyu yana zuwa yana zama haka. A na uku, muna tsakiyar musu, ya ce, "Na tuna wani abu. Ba don jarfu na mai gaɓa ne anka yi al'adag ga ba. Don ƙasar da ta fito ba ta da mai ita anka yi ta, a hana mutane kashe juna. Ƙasa mai mai ita ba ta buƙatar al'ada."

Ustaz ya miƙe zaune. "Maimaita, Shehu." Shehu ya maimaita, karo na farko da na ji an sa shi maimaita magana bai ɓata rai ba.

Ustaz ya ce, "Kwayyis, ya yi kyau. Ke nan tambaya ba ita ce wa ke da gaɓa ba. Tambaya ita ce, ƙasan wurin yana da mai shi? Laka daga Habasha ta zo, na yarda, amma bisa mi ta kwanta? In akwai alama tabbatacciya, ba tunawa ba, to mutum arba'in ɗinka sun ragu, Malam Uzairu. Sai mai alama kaɗai." Ya ɗan tsaya. "Hatsarin gaɓa kuma, in jarfu nata ne, ita ke gaban ruwa, ba Bilyamin ba. Amma ina alama? Bahar ya kwashe komi."

Ina shirin in ce haka ne, sai kafaɗata ta tuna kafin kaina. Shekara ashirin da suka wuce Zaharaddini ya zuba dandamalin siminti a gangaren gonarsa don ɗora injin ban ruwa, ya haƙa masa rami har ƙirji. Ni na taya shi ɗaukar tsakuwa, kwana uku ban iya ɗaga hannu ba. An sayar da injin tuntuni, amma abu mai wannan nauyi ruwa ba ya ɗauka, sai dai ya binne.

Da safe muka sauka bakin kogi mu uku, da rodi mai tsini. Masarar Bilyamin ta fito, layi-layi, kore shar. Bilyamin ya tsaya a kan gaɓa yana kallon alƙalai uku suna soka ƙarfe a cikin laka, rigunansu a naɗe.

Ya ce, "Ku dai kula da masarata."

Ran farko ba mu sami komai ba sai ciwon baya. Shehu ya zauna a kan gaɓa yana nuna mana da sanda, ni da Ustaz muna musu a kan inda tsohuwar bishiyar gawo take. A wannan ni ke da gaskiya, ya kuwa amsa nan take. Rana ta biyu kafin azahar rodin ya yi ƙara. Muka tona da hannu har kafaɗa. Ga siminti, ga ƙusoshi huɗu da aka ɗaure injin da su, ga sunan Zaharaddini da shekara, ya rubuta da tsinke tun simintin yana ɗanye. A tsakiyar jarfun yake.

Bilyamin ya sauko ya leƙa, ya daɗe. Ya ce, "Nashi ne, na san shi. In Sinja ta ce tata ce, tata ce. Amma masarag ga ni na shuka, da takardarku."

Gaskiya ya faɗa. Ko da ya tumɓuke ta ran nan, saman ƙasar ya riga ya tsage, ba irin da zai kama.

Ustaz ya rubuta takardar ɗaukaka ƙara, shafi uku. Wannan karon ya karanta mana, muka tsayar da shi sau bakwai, ni da Shehu muka yi saɓani a kan jumla ɗaya har muryoyinmu suka tashi. Shehu ya sa aka rubuta a ƙasa cewa kotu da kanta ta gane ta yi kuskure, ya buga hatimi. Sauran abu ɗaya, yatsan Hadizatu. Na ce ni zan kai mata.

Ban same ta a gida ba. Maƙwabciya ta ce in yi sauri, suna bakin hanya wurin motar 'yan riɗi. Na same su a inuwar motar, ana ɗora kaya. Ƙullin tabarmi biyu, tukunya, jarkar ruwa. 'Ya'yan nata sun riga sun hau, Raihana tana zaune a kan buhu tana kallon wani wuri.

Na gaishe ta, ta amsa da ladabi. Na tsuguna na yi mata bayanin komai, al'ada da abin da aka yi ta dominsa, da laka, da simintin, da sunan mijinta. Na yi bayanin da kyau, don yanzu na san shi ciki da waje, ba inda za a taɓa ya motsa. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba. Sannan na gaya mata sauran, yadda aka yi a ɗaki, don na ga bai kamata ta ji a bakin wani ba.

Ta ce, "Yaushe za a zauna a Sinja?"

"Ustaz ya ce wata biyu, ko uku. Baɗi in Allah ya so jarfu naki ne."

"Baɗi." Ta gyaɗa kai. "Malam, ashe tun ran nan kana ganin tawa ce."

"Tun ran nan."

"Da Shehu."

"Da Shehu."

"Kuna zaune anka karanta."

"Muna zaune."

Na buɗe tawada, ta danna yatsa, ta danna a inda na nuna mata, ta goge a bakin mayafinta. Na ce ko za ta bar Raihana a gidana har ta yi jarrabawa. Ta ce ta gode, amma hannu biyu ba sa cika abin da ake nema a gonar riɗi, sai shida. Na ce to irin da ta tanada fa, in ajiye mata har baɗi, kada ƙwari su ci.

Ta ce, "Na niƙa shi jiya, Malam. Shi ne guzurinmu."

Direba ya yi oda. Ta kama ƙarfe ta hau, ƙaramar ta matsa mata. Motar ta ɗauki hanyar kudu. Na tsaya riƙe da takardar a buɗe don kada tawadar ta ɓata shafin gaba. Da ta bushe na sake karantawa daga farko har ƙarshe, a tsaye a bakin hanya. Ba kuskure ko ɗaya a cikinta.